Inji Mai Lamba Ashirin da Bakwai

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka. Mu nan sai godiya, in ka ɗauke ƙirjin Inna.

Na san za ka yi dariya ka ce wa ke rubuta wasiƙa a wannan zamani. To ƙarfen sabis ɗinmu wata uku ke nan a mace, sai mutum ya hau tudun bayan makaranta yana ɗaga waya sama kafin ya ji muryar wani. Ga shi Inna ta fi son takarda, in na karanta mata sai ta cusa ƙarƙashin matashi. Direban motar kasuwa zai riƙa kai maka duk Laraba.

Auta, numfashinta yana ƙara wuya. Daga ɗaki zuwa bakin ƙofa sai ta tsaya sau biyu. Ba ta iya miƙewa a gado, a zaune take barci. Ban da wata 'yar ƙarama ta ajiya, tukunyar iskar oksijin guda ɗaya tal gare mu a asibitin nan, wadda babban asibiti ke cika mana duk sati biyu, kuma ba ta Inna kaɗai ba ce. Jariran da ke faɗowa a shiɗe da ita nake ceto su. Don haka kaɗan-kaɗan nake ɗiba mata, raina yana sosuwa. Likitan da ke leƙo mu ya ce in da hali a kai ta birni, inda iskar ba ta yankewa. Na yanke shawarar kawo ta wurinka ƙarshen wata, kafin ruwa ya yi ƙarfi hanya ta lalace. Ka share mata wuri.

Sai wata magana, tunda kai ne akawun gwamnati a gidanmu. Jiya na ji a rediyo wai an sake ciwo bashi daga waje, wai don gyara asibitoci. Wannan na nawa ke nan? Albashina na watan jiya bai zo ba, aka ce ana biyan kuɗin ruwan bashin bara. Safar hannu da kuɗina nake saya, shekara goma sha tara ina karɓar haihuwa. In ana cin bashi da sunanmu, ai ya kamata mu ga ko da auduga ce. Ku da ke zaune ƙarƙashin fanka ku gaya mana inda yake shiga.

Inna ta ce ka rage shan shayi, wai a hoton da ka aiko wuyanka ya yi tsawo.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ni lafiya. A gaishe min da Inna, a ce mata wuyan nan nata na gada, ba laifin shayi ba ne.

Yaya, albishirinki! Kada ki wahalar da Inna da tafiyar kwana biyu a kan wannan hanya mai kama da turmi. Ɗakina hawa na uku ne, matakala talatin da shida, ko ni mai lafiya sai na huta a tsakiya. Kuma babu ma buƙata. Wannan bashin da kike yi wa tsiya, da shi aka sayo injinan ba da iska guda arba'in, irin waɗanda ke tace iskar da kansu, ba ruwansu da cika tukunya. Kowanne da batirinsa da farantin hasken rana. Ba ji na yi ba, ni na buga takardun. Aikina ne a ofishin sito in buga wa kowane kaya lambarsa a 'yar takarda mai gam, in shigar da shi babban littafi, in rubuta inda za a kai shi. Lamba arba'in na buga da hannuna. Ta ashirin da bakwai sunan asibitinku ne a kanta. Da na gani sai da na tashi tsaye, abokin zamana ya ɗauka kunama ce ta harbe ni.

Saboda haka ki riƙe Inna a nan tukuna. Sati uku ko huɗu za ki ga mota a ƙofarku.

Maganar bashi kuwa, kin fiye zafi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, har manyan ƙasashen da kike jin labari suna ci. Ba zan ce miki komai daidai yake ba. An canza kafet ɗin ofishin mai gidanmu sau biyu bana, kuma an sayo wa manya motoci goma sha biyu, wai na zagayen duba aiki, alhali na bara ko tayarsu ba ta suɗe ba. Ina gani, ina kau da kai, don ni ƙaramin alhaki ne. Amma inji inji ne, Yaya. Wannan karon rabonmu ya faɗo.

Ki karanta wa Inna wurin albishir ɗin sau biyu.

Ƙanenki, Auta.

*

Auta,

Gaisuwa. Shafi biyu ne a ambulan nan. Na farkon Inna ce ta yi min shifta, godiya ce da sa albarka. Wannan na biyun tsakanina da kai ne, ba ta san da shi ba.

Injinka ya zo ranar Litinin. Injinka ya tafi ranar Litinin.

Tun da hantsi babbar mota ta tsaya. Aka sauke gado sabo fil, da labule, da injin, har da tukwanen furanni na roba. Masu fenti suka shafe bangon gaba kaɗai, iya inda hoto zai kama. Aka kafa rumfa uku, aka jera kujeru, aka sauke katan-katan na lemo wanda kuɗinsa zai saya min safar hannu ta shekara. Wani mai ɗaukar hoto ya ce yana son mara lafiya na gaske a kan gadon. Ni da rawar jiki na je na ɗauko Inna a keken guragu. Na sa mata robar a hanci, aka kunna.

Wallahi Auta ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Cikin minti goma leɓɓanta suka dawo launinsu. Ta ce in cire matashin, ta miƙe sosai a kan gado. Babban baƙon da ake jira ya yi lattin awa huɗu, kuma awa huɗun nan Inna barci ta yi, har da minshari. Shekara biyu rabon da in ji minsharinta. Na zauna a gefe ina kuka ina yi wa lattinsa addu'a.

Da ya iso da jerin motocinsa, na ƙirga tara, ya yanka kyalle, ya dafa kafaɗar Inna, aka haska su. Minti ashirin bai cika ba ya tafi. Ƙurar motarsa ba ta kwanta ba na ga yaran babbar mota suna naɗe labule. Na ce lafiya? Suka ce gobe da safe ana jiransu a wani gari. Na tare ƙofa, na ce gadon ku ɗauka, furen ku ɗauka, amma injin sai dai ku bi ta kaina. Shugabansu ya ce, “Baiwar Allah, mu 'yan aike ne, kada ki ja mana.” A gabana ya sa farce ya ɓare lambarka ta ashirin da bakwai, ya manna ashirin da takwas. Wurin duk ya yi baƙi da tsohon gam, an manna an ɓare ba adadi. Na duba injin da kyau don kada in manta shi: gefen hagu a lotse yake, kuma tayarsa ɗaya da waya aka ɗaure ta.

Ni na cire wa Inna robar da hannuna. Na ce mata za a kai shi gyara ne a dawo da shi.

Mai kula da asibitinmu ya sa hannu a takardar cewa mun karɓa. Na ce don me? Ya ce saura masa shekara ɗaya ya yi ritaya, yana da 'ya'ya bakwai.

Yanzu ka gaya min gaskiya. Ka sani ko ba ka sani ba? Don maganarka na fasa tafiya, ga ruwa ya sauka, direba ya ce gadar rafi ta fara zaizayewa.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Sati biyu ke nan direba bai shigo ba, an ce ruwa ya taɓa gada, don haka na ba wani mai babur wannan, ban sani ba ko za ta riga taki isowa.

Yau takardar karɓar kaya ta asibitinku ta zo teburina, da sa hannu da hatimi. Na ja layi a littafi, na rubuta “an kai” a gaban ashirin da bakwai, har na saya wa 'yan ofis goro don murna. To malama mai adawa da bashi, yanzu me za ki ce? Ina jiran ban haƙuri a rubuce. Ki riƙa goge farantin hasken ranar, an ce ƙura na rage masa ƙarfi. Tunda kun sami inji, ki huta da jigilar tukunya.

A ce wa Inna ɗanta na ƙarshe ya fi yayarsa amfani.

Auta.

*

Auta,

Mai babur ya kawo min takardarka, na karanta a tsaye, na ji kamar ka watsa min ruwan zafi. Sai daga baya na lura da kwanan watan, na gane tawa ba ta same ka ba tukuna. Ashe na yi fushi da kai na kwana ɗaya a banza. Amma ba duka ne a banza ba, don layin nan da ka ja ya iso mu kafin takardarka.

Ranar Alhamis na aika da tukunya babban asibiti a cika mana kamar kullum, aka dawo min da ita wayam. Wai an cire mu daga jerin masu karɓa, domin littafi ya nuna muna da sabon inji, kuma an rage kason iskar bana saboda ana tsuke bakin aljihu a biya bashi. Na hau babur da kaina, na bi ta cikin ruwa har gwiwa, na sami mai rabon. Na ce masa ka zo ka duba ɗakin da idonka, babu komai sai fenti. Ya juyo min da littafin ya ce, “Ni wannan nake bi. In kina so a mayar da ku, sai an soke daga sama.” Sama ɗin nan kuwa teburinka ne.

Ka ga inda aka kai mu. Kafin a ci bashin nan muna da tukunya ɗaya. Yanzu an ci, ba inji, ba tukunya, kuma za a yanki albashina a biya. Jaririn da na karɓa shekaranjiya bai ko buɗe ido ba, amma da kasonsa a ciki. Da baki na hura masa iska har ya yi kuka, Allah ya taimake ni.

Abin da ya rage a ƙaramar tukunyar ajiya ba zai wuce kwana shida ba in na yi tsimi. Ƙafafun Inna sun kumbura. Mota ba ta haye gada, kuma ba zan ɗora ta a babur ba. Kullum sai ta tambaye ni ko an gama gyaran injin Auta.

Ka soke layin nan. Ba na neman komai a wurinka sai wannan.

Yayarka.

*

Yaya,

Takardunki biyu sun zo min tare jiya. Ban iya gaisuwa ba yau, ki yafe min.

Ban sani ba. Na rantse da Allah ban sani ba. Amma ba zan ɓoye miki ba, ya kamata in sani. Shekara shida ina wannan aiki, ban taɓa taka ƙafata cikin siton ba, yana can bayan gari, ni kuwa ina hawa na biyu da littafi. In takarda ta ce arba'in, arba'in nake rubutawa. Kuma da aka ba ni aikin lambobin, sai da aka ce in buga su a takarda mai saukin ɓarewa, ba mai kamawa dam da muka saba ba. Na yi mamaki na minti ɗaya, na ce wataƙila ita ce mai araha.

Da safe na je siton. Mai gadin ya san sunana a takarda, bai taɓa ganin fuskata ba. Injina uku ne, Yaya. Uku. Su ake zagayawa da su. Na ga mai lotsattsen gefen, da wayar a tayarsa, yanzu lamba talatin da huɗu ce a jikinsa. Na koma ofis na buɗe kundin hotunan da ake aika wa masu ba da bashi, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Asibiti goma sha ɗaya, labule iri ɗaya, fure iri ɗaya, lotsawar nan tana gefen hagu a kowanne.

Akwai abin da ya fi wannan. An buga sabon littafi mai sheƙi na neman kashi na biyu na bashin, wanda ya ninka na farko. Inna ce a bangon. Tana barci, da robar a hanci, da ɗankwalinta mai ruwan ƙasa wanda na saya mata. A ƙasa an rubuta wai ga amfanin da talaka ya samu.

Na shiga wurin mai gidanmu da littafin, na ce ranka ya daɗe, wannan mahaifiyata ce, kuma injin ba ya can, ina neman izinin soke layi ɗaya. Ya tashi ya rufe ƙofa. Ya ce in aka soke ɗaya, masu bashi za su tambayi sauran, kashi na biyu ya tsaya, kuma da kashi na biyun ne za a sayo ragowar injinan a cike gurbin. Na ce na farkon fa, ina ya shiga? Ya dube ni ya ce, “Rubutun wa ke cikin littafin sito, nawa ko naka?” Daga nan ya zaro kuɗi a aljihu, wai in saya wa tsohuwa magani. Na bar masa a kan kafet ɗinsa.

Na soke layin duk da haka, da jan biro, na rubuta “ba a kai ba”, na sa hannu. Ba ashirin da bakwai kaɗai ba, duk wanda na tabbatar. Na ɗauki hoton shafukan na kai ofishin mai binciken kuɗi, na karɓi shaidar sun karɓa. Ko za su yi wani abu, oho. Maiɗakina tana ta kuka, ta ce aikin ya tafi. Ina jin ta yi gaskiya, don da yamma aka karɓe makullin durowata.

Soke layin ba zai isa babban asibiti da wuri ba, na san tafiyar takarda. Don haka na sayar da babur ɗina na sayi tukunya babba a cike. Direba ya ce zai kai ta bakin gada, masu kwale-kwale su haye da ita. In Allah ya so Alhamis tana hannunki. Ki lallaɓa abin da ya rage. Da ban ce ki riƙe ta ba, da yanzu tana nan, ko a bayana ne da na hau da ita matakalar.

Kada ki karanta mata wannan.

Auta.

*

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.

Ranar da na hau tudu na kira ka, ban iya faɗar komai ba sai cewa ta rasu. Na san ka zo har bakin gada ruwa ya mayar da kai. Kada ka sa wannan a ranka, an yi mata sutura yadda ya kamata, mutane sun taru sosai. Sauran maganar ce na ga gara in rubuta.

Iskar ta ƙare ranar Lahadi. Inna ta cika ranar Talata da la'asar, a zaune, kanta a kafaɗata. Tukunyarka ta iso Alhamis kamar yadda ka ce, maza huɗu suka ɗauko ta daga rafi. Na sa aka ajiye ta a ɗakin haihuwa. Ranar Asabar wata yarinya ta haifi tagwaye bakwaini, da ita suka rayu. Na gaya maka ne don ka san babur ɗinka bai tafi a banza ba.

Na yi fushi da kai, ba zan yi ƙarya ba. Na yi fushi da kaina ma, don ni na tura keken na kai ta gaban mai hoto. Amma da ni da kai ba mu muka ci kuɗin ba, mu dai aka bar wa biya. Jiya rediyo ta ce an amince da kashi na biyu, har ana tafi. In sun kore ka, ka dawo gida, ɗakinta yana nan. In kuma mai binciken ya kira shaida, ka ba shi sunana. Zan zo ko a ƙafa ne, in faɗi lotsawar da wayar da komai.

Shekaranjiya aka aiko min da fom daga ma'aikatarku, wai in cike awa nawa inji mai lamba ashirin da bakwai ya yi aiki a wannan wata, da adadin waɗanda suka amfana. Mai kula ya ce in rubuta abin da zai yi kyau. Na rubuta awa huɗu, mutum ɗaya. Na sa hannu.

Akwai saƙonka. Ban taɓa gaya mata gaskiya ba, har ta tafi tana jiran a gama gyara. Ranar Litinin, tana magana da ƙyar, ta sa na ciro takardarka ta albishir daga ƙarƙashin matashi na sake karanta mata. Sai ta ce in rubuta maka, kuma kada in canza ko kalma ɗaya. Ga shi yadda ta faɗa:

“Ki ce wa Auta na gode da injin da ya aiko min. Ki ce masa ranar nan na yi barci mai daɗi. In an gyara, kada ya damu da ni, a bar wa jarirai.”

Na rubuta kamar yadda ta ce.

Yayarka.